Rigar da Suka Cire Maka a Falgore

Zuwa ga Hamma Sale,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa da addu'ar Allah Ya sa kana cikin ni'ima, na san takardar nan ba za ta iso gare ka ba. Ko da kana raye ma ni nake karanta maka duk abin da aka rubuta da boko, kai kana gefe kana gyaran linzami. To yau wa zai karanta maka? Zan dai rubuta, don cikina ya cika, kuma ba ni da wanda zan amayar wa sai kai.

Mutanen gida suna lafiya. Inna tana nan da ciwon gwiwarta, amma tana fita tsakar gida. Irin gyaɗar da ka ajiye don gonar Kwanyawa mun shuka a bayanka, ta yi kyau, bana ma ita muka maimaita. Rabi ta gama takaba ta koma gidan iyayenta, ta tafi da 'yarku Hauwa, sai dai tana kawo mana ita duk bayan mako biyu. Yarinyar ta fara zuwa makarantar allo. Saniyarka ja ta haifi maraƙi. Dokinka Bidi yana nan a turkensa a Yammedi, ƙafarsa ta warke, amma tun ranar nan ba wanda ya ɗora masa sirdi. Ni nake kai masa harawa, kuma ba na iya kallon idonsa.

Hamma, fim ɗin ya fito.

Ka tuna yadda Baffa yake ba mu labarin finafinan kaboyi da ya gani a silima a Kano yana saurayi? Masu faffaɗar malafa, da dawakai, da ɓarayin shanu, da jarumi mai rera waƙa yana tafe a kan doki. Irinsa suka yi, sak, sai dai da Hausa. Ana ta cewa ba a taɓa yin kamarsa ba. Kuma shi ne fim na farko da mawaƙin nan ya fito a ciki. Ba zan rubuta sunansa a takardar da ke ɗauke da naka ba. Zan kira shi Mai Zobba, yadda ka laƙaba masa ranar da ka ga yatsunsa. Hotonsa ya cika Karaye, har jikin shagona na kasuwa aka zo aka manna ba a tambaye ni ba. Ka san sana'ata tura finafinai da waƙoƙi a waya ce. Tun safe mutane suke layi suna miƙo mini memori, kowa shi yake so.

Akwai abin da ban taɓa faɗa maka ba. Lokacin da mutanen fim suka zo neman doki da mahayi mai tsayin Mai Zobba, ba wai sun ji labarinka a gari ba ne, kamar yadda na ce maka. Ni na je na same su. Ni na ce ina da wa a Yammedi wanda babu mai zama a kan doki kamarsa daga Karaye har Rogo. Daraktan ya yi mini alkawarin zai sa ni a fim ɗin, ko da cikin 'yan kallo ne, kuma zan yi hoto da gwanina. Don a lokacin gwanina ne, Hamma. Na haddace waƙoƙinsa fiye da yadda na haddace azkar. Sau biyu kana cewa a'a, kana cewa doki ba abin wasa ba ne. A na uku na yi fushi na daina cin abinci tare da kai, sai ka yi dariya ka ce to auta, ka ji, za ka je. Saboda hoto na kai ka.

A Falgore ta Rogo aka yi ɗaukar, da rani, a bakin busasshen rafin nan mai duwatsu. Tun ranar farko kowa ya gane Mai Zobba tsoron doki yake. In za a ɗauki fuskarsa, sai mutum biyu sun durƙusa sun riƙe Bidi ta inda kyamara ba ta gani, kai kuma kana tsaye kana yi wa dokin magana da Fulatanci don ya natsu. Da an gama sai a sauko da shi yana share gumi. Sauran aikin duk naka ne. Suka sa maka jar rigarsa da malafarsa, suka ɗaura maka ƙyalle a fuska, kai ne sukuwa, kai ne korar shanu, kai ne tsallake rafi.

Abu ɗaya ka roƙe su. Ka ce kada a harba bindiga kusa da Bidi, bai saba da ƙarar albarushi ba. A gabana daraktan ya dafa ƙirji ya ce ba za a yi ba, daga baya za su sa ƙarar a kwamfuta. Mai Zobba yana nan zaune a inuwar lema, ya ji da kunnensa.

Ranar ta huɗu, bayan azahar, kana sukuwa a gefen kwazazzabo. Akwai bindigar mafarauta da aka cika aka jingine don wata fitowar daban. Mai Zobba ya gaji da zama. Ya ɗauke ta, ya kalli abokansa yana murmushi, ya bari sai da ka zo daidai da shi, ya ɗaga sama ya harba. Bidi ya zabura, ƙafarsa ta goce, kuka gangara tare, ya danne ka a kan dutse. Me ya sa ya yi? Na juya tambayar nan ta kowace fuska. Ba gaba tsakaninku, ba ka taɓa yi masa kallon banza ba. Nishaɗi kawai yake nema.

Ka miƙe da ƙafarka. Shi ne abin da ya cuce mu. Ba jini, ba karaya a fili, har ka fara duba ƙafar dokin kafin ka duba kanka. Ka ce ba komai, cikinka ne kawai ya ɗan ƙulle. Amma ni na ga yadda leɓenka ya yi fari. Na je na roƙi daraktan a ba mu mota a kai ka asibiti a Rogo. Ya ce motar kaya ta tafi ɗauko abinci, kuma rana tana gudu, saura waƙa ɗaya a gama. Na je wurin Mai Zobba, na durƙusa masa, ni da nake ganin kamar in ya kalle ni na gama samun duniya. Motarsa tana nan tsaye a gindin ɗorawa. Ya ce ai ga ka nan zaune lafiya, Fulani da taurin rai, in bari a gama.

Sannan suka zo suka cire maka rigar. Ita kaɗai ce, kuma da ita zai yi waƙar. Kana cije baki kana ɗaga hannu, wani yana zare ta ta kanka. Aka karkaɗe ƙurar, aka ba shi, ya saka da guminka a jikinta. Ya tsaya a kan dutse yana rera waƙar soyayya, 'yan rawa suna juyi a bayansa, an maimaita ya fi sau biyar, kai kana kwance da singileti, kanka a cinyata. Ka nemi ruwa, ka sha, ka amayar. Sai bayan la'asar wani mai babur ɗan garin ya tausaya, muka sa ka a tsakiya muka kai ka asibitin Rogo. Likitan ya ce jini ne yake zuba ta ciki tun ɗazu, ya tambaye ni me ya sa muka daɗe. Kafin a shirya tura mu Kano ka cika.

Mai Zobba bai zo jana'iza ba. Bai zo zaman makoki ba. Wani ne ya zo a madadinsu ranar uku, ya yi addu'a a tsaitsaye ya tafi. Na haɗiye wannan. Inna ta ce kwana ne ya ƙare, Malam Liman ya ce haƙuri, na ce to.

Amma da fim ɗin ya iso shagona na zauna na kalla. Hamma, ba su cire faɗuwar ba. Tana ciki. A labarin wai ɓarayi ne suka harbi jarumi, ya faɗa kwazazzabo da dokinsa, ya miƙe. Nan ne wurin da 'yan kallo suka fi so. A gidan kallo ana tafi, ana cewa a maimaita. Mutuwarka ake yi wa tafi. Na bi sunayen da ke ƙarshen fim ɗaya bayan ɗaya, har mai dafa musu abinci an sa, kai babu. Bayan kwana biyu na ji Mai Zobba a rediyo yana cewa ya daɗe yana koyon hawa saboda wannan aiki, kuma har yanzu kafaɗarsa tana masa ciwo saboda faɗuwar da ya yi. Hauwa kuwa, da ta ga fim ɗin a wayar maƙwabta, ko fuska ba ta gani ba ta nuna bayanka ta ce Baffanta ne. Yarinya 'yar shekara biyar ta san zamanka a kan sirdi.

To ga abin da ba su sani ba. Ranar nan wayata tana hannuna tana ɗauka, don komai Mai Zobba ya yi sai na ɗauka. Na ɗauki murmushinsa, da ɗaga bindigar, da faɗuwar. Da na ruga wurinka na jefa ta aljihun gaba ban kashe ba, ta ci gaba da naɗar murya, roƙon da na yi da amsar da ya ba ni duk suna ciki. Wata da watanni na ɓoye, ban nuna wa kowa ba. Ka san dalili? A farkon bidiyon ana jin muryata ina yi masa kirari. Kunyar wannan ce ta rufe mini baki. Ranar da na ji shi a rediyo kunyar ta fita.

Ban yanke komai daga bidiyon ba, har kirarin nawa na bari. Duk wanda ya kawo memori yana son fim ɗin, ina tura masa, in haɗa masa da nawa kyauta, in ce ya fara kallon ƙaramin. Cikin mako guda ya zagaye Karaye, ya shiga Rogo, ya kai Kano, daga nan ban san iyakarsa ba. Mutanen fim suka turo mini mutum mai laushin baki, ya ce in faɗi abin da nake so. Na ce a dawo mini da wana. Suka turo wani mai kaushin baki, ya ce za su sa a rufe ni, za su kai ni kotu don ɓata suna. Na ce Allah Ya sa su kai ni, in kunna wa alƙali. Mai shagon da nake haya ya tsorata ya ce in tashi. Na tashi. Yanzu a ƙarƙashin rumfa nake, da tebur da kwamfutata, kuma layin ya fi na da.

Wata biyu da suka wuce wani attajiri ya gayyato Mai Zobba bikin 'yarsa a Karaye. Ban je ba, amma an ba ni labari. Ya yi waƙa uku, ba wanda ya tashi ya yi masa liƙi. Dattawa suka fara kaɗe riga suna fita. Wata tsohuwa ta tambaya da ƙarfi ko kafaɗar ta yi sauƙi. Bai ƙarasa ta huɗu ba. Da aka faɗa mini na ji daɗi, Hamma, ba zan yi maka ƙarya ba. Na ji daɗi har cikin ƙashina, kuma ban yi istigfari a kai ba.

Shekaranjiya da hantsi sai ga motoci a ƙofar gidanmu a Yammedi. Shi ne, da daraktan, da mai kyamara a bayansu. Wai ya zo neman gafarar Inna. Na so in hana, Inna ta ce a bar baƙo ya shigo, amma kyamara ta tsaya a waje. Na san halinta, na ce yanzu za ta yafe a tashi. Ya durƙusa a gaban tabarmarta, ya cire zobban duka, hawaye yana zuba. Ya iya, ai yanzu ɗan fim ne. Ya yi ta magana a kan ƙaddara da kuskure da yadda marigayin yake ransa kullum.

Inna ta bari ya gama. Sannan ta ce tambaya ɗaya gare ta: mene ne sunan ɗan nata? Ya ce Hamma. Abin da ya ji ina kira a bidiyon ke nan. Inna ta ce masa Hamma yaya ke nan da yarenmu, ƙannensa ne suke kiransa haka, ita sunan da ubansa ya yanka masa rago take tambaya. Ya juya ya kalli daraktan. Daraktan ya kalli ƙasa. Kwana huɗu kana sanye da rigarsa, ka mutu a madadinsa, shekara ta zagayo, bai taɓa tambaya ba. Inna ta dafa bango ta miƙe, ta ce a ba baƙi ruwa kafin su tafi, ta shige ɗaki. Ba ta ce ta yafe ba, ba ta ce ba ta yafe ba. Tun ranar kuma ba ta sake ce mini in bar wa Allah ba.

Ni dai ban yafe ba. Ina roƙon Allah Ya sa duk ranar da ya buɗe baki zai yi waƙa, ƙarar bindigar nan ta riga muryarsa isa kunnen mutane. Ina roƙon ya yi tsawon rai yana ji. Ranar da za a tsaya gaban Allah kuma, zan tsaya kusa da shi, don ni ma akwai abin da za ka tambaye ni. Ka yafe mini, Hamma. Ko kada ka yafe sai na gama.

Gobe kasuwar Rogo take ci, da sassafe zan ɗaura kwamfutar a babur in tafi, akwai ƙauyukan da ba su gani ba tukuna. Na san da kana nan da ka riƙe mini hannu ka ce auta ya isa haka, kamar yadda kake yi tun muna yara in na ɗauki dutse. Ba ka nan. Shi ya sa ba mai hana ni.

Allah Ya jiƙanka, Ya haskaka kabarinka, Ya raya maka Hauwa. Sai mun zo.

Ni ne ƙaninka da ya kai ka,
Isiyaku