Wata bakwai layina kore ne

Anti, don Allah ki taimake ni kafin Litinin, abin ya fi ƙarfina.

A wurin aikinmu muna yin manhajar da ke adana kwafin bayanan mutane, don in kwamfuta ta mutu a dawo musu da kayansu. Duk gyaran da aka yi mata, kwamfutocinmu na gwada ta da kansu: su adana fayiloli, su dawo da su, su kwatanta. Sakamakon yana fitowa a wani allo da ke bango, kowa da layinsa. Kore lafiya, ja matsala.

Wata bakwai layina kore ne shar. Oga na buga misali da ni. Matata ma ta sa hoton layin a firam ta rataye a falo, baƙi na tambaya ko shaidar digiri ce.

Akwai abokiyar aikina, Yaya muke ce mata don ta girme mu. Nata layin kullum ja. An ce kwamfutarta ce ta tsufa, daga baya aka ce ita ce. Ni da bakina na taɓa ce mata a taro ta riƙa duba aikinta da natsuwa.

Shekaranjiya na leƙa foldar da gwajina ke aiki da ita, wato ma'ajiyar fayilolin gwajin. Wayam, Anti. Sai na tuna na kwashe fayilolin don in sami wuri, da niyyar mayar da su bayan azahar. Wata bakwai ke nan. Manhaja tana adana babu, ta dawo da babu, ta kwatanta, ta ga sun yi daidai.

Na mayar da su a ɓoye na gwada. Ja wur, irin na Yaya. Na sake kwashe su.

Ranar Litinin za a saki manhajar ga masu saye, a mayar da Yaya teburin amsa waya. Wallahi kunya nake ji, tsoro kuma ya fi kunyar. In yi shiru?

Mai Koren Layi

Ɗan'uwa Mai Koren Layi,

Mantuwar farko ba laifinka ba ne kai kaɗai. Gwajin da ke yaba wa kansa a kan folda wayam, da ofishin da ya ga kore wata bakwai bai tambaya ba, duk suna da rabonsu. Tsoronka ma na gane shi, mai iyali ba ya wasa da aiki. Amma kwashewa ta biyu da saninka ka yi ta, wannan taka ce.

Ka tuna mai saye ba zai san manhajar ta gaza ba sai ranar da ya rasa komai.

Gobe ka fara da Yaya. Ka ba ta haƙuri ba tare da dogon bayani ba. Sannan ka mayar da fayilolin, ka bar layin ya yi ja a bango kowa ya gani, ka sami oga kafin ya neme ka. Ka je da gyara a hannu: gwajin ya riƙa ƙirga fayiloli, in bai ga ko ɗaya ba ya nuna ja. Haƙurin da ka ba ta kuma ka maimaita shi a taro, inda ka yi mata waccan nasihar.

Firam ɗin falo a bar shi, amma ka faɗa wa uwargida hoton mene ne.

Allah ya ba ka ƙarfin hali, ya sa albarka a jan layinka na farko.