Sanarwar Inna Hajo

Unguwar Bukoki, daren Laraba

Na gaji, amma barci ya ƙi zuwa. Wata huɗu ke nan da na fara karatun aikin rediyo a jami'a, sai yau malaminmu Idi, da muke ce wa Mushe a Faransance, ya zaunar da ni gaban mikro a gidan rediyo, ƙasa duka tana jina. Sanarwar neman dangi na karanta, ta mutanen da fari ya koro daga ƙauyuka. Kafin mu shiga ya ja ni gefe. "Ramatu, sojoji na saurare. Kada ki ce yunwa, ce ƙarancin cimaka." Abin ya yi mini ciwo, amma na bi.

Cikin waɗanda na karanta har da wata tsohuwa 'yar garin Tawa, Inna Hajo, mai neman ɗanta. Da la'asar sai ga wani mai aikin lambu daga unguwar Gudel ya iso gidan rediyo yana haki. "Wa ta karanta sanarwar Inna Hajo? Uwata ce! Ina take?" Ni na raka shi inda aka sauke mutanen da fari ya koro. Inna Hajo ta daɗe tana shafa fuskarsa, sannan ta hau shi da faɗa don ya rame.

Allah ka ba ni diplom ɗin nan, takardar gama karatu. Wannan aikin nake so.