Kwat da Kambas

Litinin, 3 ga Maris

Sabon manaja ya tara mu yau. Wai daga yanzu kowa ya zo ofis da kayan da ya ga dama, don a saki jiki. Shi kansa da tishat da kambas ya tsaya gabanmu, sai ka ce wanda aka aika sayo gawayi. Aka yi ta tafi. Ni ban tafa ba. Kamfanin inshora ne nan ko filin ƙwallo?

Laraba, 5 ga Maris

Mai Gemu, wanda teburinsa ke kusa da nawa, ya zo da jins yagagge a gwiwa. Na ce, "Sannu, kare ne ya biyo ka?" Wai, "Yallaɓai, haka ake sayar da shi." Allah ya kyauta.

Juma'a, 14 ga Maris

Akanta ma ya bi sahu. Mutum da jikoki, tumbi kamar randa, cikin riga mai furanni. Girma ya faɗi, raƙumi ya shanye ruwan 'yan tsaki.

Ni dai ina nan da kwat ɗina da taye. Maman yara ta ce kullum sharkaf nake dawowa. Na ce gumin mutunci ne.

Talata, 18 ga Maris

Mai kamfanin manyan motoci ya zo, wanda na daɗe ina lallaɓawa ta waya ya ba mu inshorar motocinsa. Bai taɓa ganina ba. Na tarye shi a bakin ƙofa, na gyara tsayuwa. Ko fuskata bai kalla ba, ya miƙo min makulli: "Direba, gyara min fakin." Ya wuce ciki, ya kama hannun Mai Gemu suna ta dariya. Shi mai motocin ma gajeren wando ne a jikinsa!

Na gyara fakin ɗin. To, ya zan yi?

Alhamis, 20 ga Maris

An ba Mai Gemu aikin motocin. Manaja ya kira ni: "Baba, mutane in sun gan ka ji suke kamar sun zo kotu." Baba! Ya ce in yi tunani, in ba haka ba akwai gurbi a ɗakin fayil na ƙasa.

Ban gaya wa maman yara ba.

Asabar, 5 ga Afrilu

Dugadugaina sun hana ni sakat. Likita ya ce takalmin fata ne, ya yi min tauri. Babbar 'yata ta ja ni kanti, tana ta ƙunshe dariya.

Litinin, 7 ga Afrilu

Takalmin da muka sayo baƙi ne wuluk, ba wani ado, daga nesa ba mai cewa kambas ne. Umarnin likita na bi, ba na wani ɗan tishat ba. Lif ya lalace, na hau bene har sama ban tsaya hutawa ba.

Na bi ta gaban ofishin manaja, na dawo na sake bi. Ba wanda ya kalli ƙafata. Ko mutum ɗaya. Makafi kawai.