Inna Ta Hau Bene

Yaya,

Assalamu alaikum. Ina fatan takardar nan za ta same ka cikin ƙoshin lafiya, kai da Anti da yara. Allah ya ƙara rufa asiri, ya sauƙaƙa maka aiki. Mu nan lafiya lau, Auta ya ci jarrabawarsa, tarin Kawu ma ya lafa.

Maganar Inna ce ta sa na ɗauki biro. Ka san tun da aka yi mata aikin gwiwa likita ya ce in ba ta riƙa takawa kullum ba ƙafar za ta sandare, sai dai a riƙa tura ta a keke. Ka kuma san halin Inna. Sati uku ina lallashi, tana ce mini ita ta gama yawonta a duniya. Wallahi har kuka na sha yi a kicin.

Sai ga tsohon littafin nan na Rasha da ka sa mini a tsohuwar wayarka, wanda ake karantawa mutum yana saurare. Don kaina na kunna ina guga, ashe Inna ta kasa kunne. Ina kashewa ta tambaye ni ko ɗan da ya bar gida zai dawo kafin ƙanƙara ta rufe hanya. Nan na gano lagonta. Na kafa doka, littafi ba ya magana sai tana tafiya. Waya a aljihuna, ina gaba tana biye da sandarta, daga ƙofar ɗakinta zuwa bakin famfo mu dawo. In ta zauna, in kashe. Ta kira ni azzaluma, ta ce anya ita ta haife ni. Mutanen littafin kowa sunansa uku, duk dogaye, sai ta raɗa musu nata: Mai Gemu, Uwar Tsegumi, Sarkin Surutu. Wai Sarkin Surutu Kawu ne sak, ya yi awa guda yana bayanin abin da ya hana shi shan shayi.

Shekaranjiya ya rage babi biyu. Na lura ta koyi kunna wayar da kanta, don haka da zan tafi aiki na kai ta ɗakina a sama na ajiye. Da na dawo ban ga Inna a ɗakinta ba, na shiga nemanta. Can sai na ji muryar mai karatu daga sama. Matakala goma sha huɗu, Yaya, ita kaɗai ta hau su. Na same ta zaune a bakin gadona, sanda a gefe, ta ɗaga mini hannu wai in yi shiru. Na tsaya a ƙofa ina share hawaye, ita kuwa ta ɗauka mutumin littafin nake yi wa kuka.

Ka gaida Anti da tagwaye, Kawu da Auta suna gaishe ku. Inna ta ce ka turo wani, kuma ka duba wanda ya fi wannan tsawo.

Ƙanwarka mai kewarka.