Kwanon da Hajiya Rabi ta Maido

Daren Laraba, Konni

Barci ya ƙi zuwa. Ɗiyata Hadiza ta dawo lakwal, wai an koya musu kalmar Ingilishi ta mai kyautata wa maƙwabta, aka ce kowa ya kawo misali. Ita sai ta ce maƙwabciyarmu Hajiya Rabi!

Hajiya Rabi? Ni da kullum nike aika mata tuwo, ita sai Juma'a take fiddo 'yar shinkafarta, unguwa ta ɗauki yabo.

Na ce, "Ni fa?"

Ta ce, "Inna, kina bayarwa, amma sai kin leƙa kin ga mi aka maido."

Na kore ta. Ga kwanon tuwon nan da Hajiya ta maido tun magariba, a rufe. Wallahi hannuna ƙaiƙayi yake.