Inna, Na Gwada Dabararki a Kan Sadiku

Assalamu alaikum Inna,

Bayan gaisuwa ta ladabi irin ta ɗiya ga mahaifiyarta, ina fatan kina cikin rahamar Ubangiji. Shekara huɗu ke nan da aka kai ki makwancinki a Tanda, amma har yau in abu ya ɗaure mini kai, ke nake fara kawo wa ƙara.

Ƙarar yau ta jikanki ce, Sadiku, wanda kika bari yana koyon magana. Bana aka sa shi lakwal, wato makarantar boko, a nan Gaya. Yayarsa Rakiya kira biyu take tashi, ko da tana ƙunƙuni. Shi kuwa sai ya naɗe cikin gidan sauro, in ja ƙafa ya janye. In na samu na zaunar da shi na je duba koko, sai in dawo in tarar ya miƙe a tabarmar salla, takalmi ɗaya a ƙafa. Sau uku mushensu, wato malamin ajinsu, yana aiko mini cewa in makarar nan ta ci gaba, yaron zai maimaita aji.

Ran Talata ya ce cikinsa na ciwo. Nan take na tuna ni ma na taɓa yi miki wannan ƙaryar. Ba ki yi faɗa ba. Kika taɓa goshina kika ce, "To, mai ciwo ba ta zuwa lakwal. Tashi mu je gona." Na wuni ina korar tsuntsaye a shinkafa, rana na dukana, maƙogwaro ya bushe don ihu. Washegari kafin ki idar da salla na rataya jakata.

Sai na ce bari in gwada. Na kai shi gonar Yaya Idi a bakin kogi, na ce ya sa shi korar tsuntsaye har la'asar.

Inna, da kin ga yadda ya dawo! Laka har gwiwa, baki har kunne, yana tambayata ko gobe ma zai koma. Na zauna bakin murhu na rasa ko dariya zan yi ko kuka.

Da magariba Yaya Idi ya shigo. Kin san shi ne kika gaji da tashinsa kika ƙyale yana aji biyu, kuma kin sha ce mini abin bai taɓa barin ranki ba. Ya zaro takardar maganin da aka rubuto masa a asibiti, ya miƙa wa Sadiku ya ce ya karanta masa. Yaron ya gane harufa uku, ya tsaya.

"Ni ko ɗaya ban gane ba," in ji Yaya. "Kullum sai na nemi mai karanta mini, shi ya san ciwona kafin ni. Ka je ka koyo sauran, ka zo ka karanta wa kawunka."

Ba zan yi miki ƙarya ba, har yanzu sai na tashe shi. Amma kira uku yake sauka, ido a rufe, yana lalubar allonsa. Jiya ya ce in gaya wa Kawu ya ajiye takardar nan, ya ƙaro harufa biyu.

Shekara shida kina tashina kowace safiya, ke da ba ki taɓa shiga aji ba, ni kuma ina tura miki baki. Ban taɓa ce miki na gode ba. Na gode, Inna.

Allah Ya haskaka kabarinki, Ya yafe miki, Ya sada mu a Aljanna.

Ɗiyarki mai kewarki,
Hadiza