Kwalin Kifin Inna Daga Lagdo

Anti Halime, ki taimake ni kafin kwali na gaba ya iso.

Ni malama ce a wata lise, wato makarantar sakandare, a nan Garoua, irin malaman da ake biya da awa, idan an tuna da su. Mahaifiyata tana Lagdo, sana'arta bandar kifi, da ita ta kai ni har jami'a. A Ngaoundéré, inda na yi jami'ar, na kama ɗakin da tagarsa ke kallon mayanka. Abin da nake gani kowace safiya ya ishe ni. Na bar nama, daga baya kifi da ƙwai da nono suka bi shi. Ban ce haramun ba ne, ban hana kowa ba. Ni dai ba ya wuce mini maƙogwaro.

Inna ba ta sani ba. Da wane baki zan kalli matar da hayaƙi ya ci wa ido in ce na daina cin kifi? Bara da ta kawo mini ziyara ta buɗe tukunyata, ta ga miya ba ko ƙaya, ta mayar da murfin a hankali. A wurinta miya ba kifi fassararta ɗaya ce: 'yarta tana cikin babu, kunya ta hana ta faɗa. Tun daga nan duk wata Bilya direba yake sauke mini kwali. Kuma ba ƙananan da suka yi kwantai ba, giwan ruwa ne, wanda 'yan kasuwa ke rububinsa. Ni kuma in tsallaka da shi gidan maƙwabciyata Georgette. 'Ya'yanta sun yi ɓul-ɓul, tun daga nesa suke gaishe ni.

Ni kuwa ramewa nake. Abincin da nake gani a waya, madarar almond da wasu tsabobi masu sunan Turawa, sau ɗaya na saya a kanti, na ƙarasa watan da burodi da shayi. Har yau a nan na tsaya, sai taliya ranar da na ji ni mai kuɗi ce. Ƙanwata Nafisatu ta nuna wa Inna hotona na Sallah, ta ga ƙasusuwan wuyana, kwali ya zama biyu. Jiya Nafisatu take gaya mini Inna ta fasa zuwa a duba mata ido, wai sai ciniki ya gyaru. Na san inda cinikin yake, Anti. Yana tafasa a tukunyar Georgette.

Ba na son komawa cin kifi, ba na son karya mata zuciya, albashina kuma ya ƙi ɗaukar abincin da na zaɓa. Yanzu haka kwalin jiya yana gefen gado, ɗakin duk ƙamshin gidanmu. Bari in ja ƙofa in tafi aji.

'Yar mai banda, unguwar Poumpoumré

Amsa:

'Yata, kin ba ni dariya, daga baya kuma kin ba ni tausayi.

Mu fara da cikinki. Ba barin nama ne ya ramar da ke ba, burodi ne. Ki ajiye waya ki shiga kasuwa. Wake, gyaɗa, waken suya, riɗi, gero, ki saye su da kwano lokacin kaka, ki bar sayen ƙulli-ƙulli. Shinkafa da wake, ƙosai da kunun gyaɗa, awara, kwaɗon zogale da ƙuli-ƙuli, miyar kuka ko yakuwa da ta ji daddawa, duk ba ruwansu da dabba, kuma ba su fi ƙarfin aljihunki ba. Abin da kasuwa ba za ta ba ki ba shi ne bitamin B12. Ki tambayi likita, kada ki yi wasa da shi.

Sai Inna. Abin da zai shiga bakinki ke kike da iko da shi, ban ce ki fasa ba. Amma shirun nan ya daina zama ladabi tunda idonta ke biyan kuɗinsa. Ki je Lagdo wannan Asabar, maganar ba ta waya ba ce. Kada ki yi mata lacca, ba ɗalibarki ba ce. Ki ce kin san kifin nan shi ya yi ki, amma ranki ya daina karɓarsa, kuma ba yunwa ce ta hana ki ba. Za ta ji zafi. Wataƙila ta ce boko ya taɓa miki kai. Ki bar ta ta faɗa, ta cancanta.

Kada ki ce ta daina aike, uwa ba ta iya wannan. Ki sauya wa kwalin kaya: shinkafar Lagdo, busasshiyar kuɓewa, daddawa, abin da ba zai taɓa jarinta ba. Ki dafa a gabanta, ki ci ki ƙara tana kallo. Georgette kuma ki ba ta lambar Inna, tunda yara sun saba, sai ta fara saye.

Kada ki dawo Garoua sai kin raka ta an duba idon nan. Allah ya ba ta lafiya, ke kuma ya mayar miki da kumatunki.

Anti Halime